Abdallah Oumbadougou da Jitar da Aka Haramta a Abzin

Tsakanin 1990 da 1995, duk matafiyin da ya tashi daga Tawa ya nufi Agadas, ko ya zarce Arlit, sai ya ratsa shingen soja bayan shingen soja. A sauke fasinja, a duba takardu, a zazzage jaka. Makami ake nema, amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da in aka same shi a aljihun saurayi mai rawani, zai iya kwana a ɗaure tamkar wanda aka kama da harsashi. Kaset ne, irin na tebur, babu hoto a bayansa, babu tambarin kamfani. In aka sa shi a rediyo, abin da za a ji bai wuce jita da tafi da muryar wani mutum yana waƙa da Tamashek, harshen Abzinawa, ba. Mutumin shi ne Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Takrist n'Akal, kuma makaɗin jitarta na farko.

Yau jitar Abzinawa ta zagaye duniya. Bombino da Mdou Moctar suna cika dandali a Amurka da Turai, jaridun can suna jera su da manyan makaɗan rok. Abdallah kuwa, wanda ya share musu hanya a Nijar, sunansa bai yi nisan nasu ba. A ƙasar Hausa ma, inda ya kamata labarinsa ya zama na gida, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sa. Abin yana damuna, domin tsakaninmu da mutanen Abzin ba yau aka fara ba.

Gobirawa suna ba da labarin cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro kudu. Agadas, mai sarauta tun ƙarni na 15, gari ne da Hausa ce harshen kasuwarsa da lungunansa har gobe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har can. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na sauka Damagaram da Katsina da Kano da gishirin Balma da dabino, su koma da gero da turkuɗin Kura, wanda Ba'abzine ke naɗawa ya rufe fuskarsa. Da Kawsan, jagoran Abzinawa, ya tayar wa Faransa a ƙarshen 1916, ya yi wa barikinsu na Agadas ƙawanya, aka karya shi a Maris na 1917, kudu mutanen Abzin suka gudo, wasu har Kano da Katsina da Sakkwato, kuma jikokinsu suna nan tare da mu.

An haifi Abdallah wajen 1962 a cikin makiyayan ƙasar Agadas, shekara biyu bayan Nijar ta sami 'yancin kai. Ya buɗe ido a duniyar da ta fara tsagewa. Iyakokin sababbin ƙasashe sun datse hanyoyin kiwo da na fatauci, wanda kakansa ke kora raƙuma daga Abzin zuwa duwatsun Hoggar ba tare da ya tambayi kowa ba, yanzu sai da takarda. Manyan motoci sun fara ƙwace wa raƙumi kasuwa. Mulki yana Yamai, kusan kilomita dubu daga Agadas, kuma boko da aikin gwamnati da kakin soja duk sun fi yawa a hannun mutanen yamma da kudu. Ana cikin haka fari ya faɗo. Ya fara tun ƙarshen shekarun 1960, ya kai maƙura a 1973. Rijiyoyi suka ƙafe, garkuna suka ƙare a tsaye. Mai raƙuma da shanu ya wayi gari yana bin layin tsabar agaji a sansanin Lazare da ke gefen Yamai. Wasu suka tsallako Najeriya. Buzun da muka saba gani yana gadi a ƙofar gidan mai kuɗi a Kano ko Kaduna, yana dafa shayi a kan gawayi, sau da yawa mai garke ne wanda farin nan ya talauta, ba mu dai tambaye shi ba ne. Wawashe kayan agaji yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar ranar da ya kifar da shugaba Diori Hamani a Afrilun 1974.

A daidai lokacin da dabbobi ke mutuwa, arzikin ƙarƙashin ƙasa ya fito a Abzin. A 1971 kamfanin SOMAIR ya fara haƙo yuraniyom a Arlit, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. Gari ya tsiro a tsakiyar hamada, da lantarki da kantuna da unguwar Turawa. 'Ya'yan makiyaya sun fi samun aikin ƙarfi da gadi, manyan ofisoshi na baƙi ne. Amma garuruwa irin wannan sun kawo wani abu da babu wanda ya lissafa da shi: rediyo mai kaset, da faifan Jimi Hendrix da Bob Marley da Dire Straits, da jitar Ali Farka Touré daga Mali. Abdallah yana ɗan shekara 16 ya sayi jitarsa ta farko. Babu malami. Da kunne ya koya, da yatsu, da zaman dare.

Sai an san yadda kiɗa yake a wurin Abzinawa kafin a gane girman wannan saye. A al'adarsu, imzad, wato gogensu mai tsirkiya ɗaya, mata ne ke goga shi. Tende, turmin da ake rufe wa baki da fata a mai da shi ganga, shi ma na mata ne. Molonsu, tehardent, na gidajen maroƙa da maƙera ne, gado ne. Namiji ɗan gida yana iya tsara baiti, yana iya rerawa, amma ba ya zama ya kaɗa tsirkiya a gaban jama'a. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin mu ma mun san kalangu na mahauta ne, tambari na fada ne, kowane kiɗa da masu shi. Jita kuwa ta zo ba ta da mai ita. Ba ta gidan kowa ba ce, ba ta maza ba ce ko ta mata, babu dattijon da zai ce ga yadda kakanni suka kaɗa ta. Saurayin da ya rasa garke, ya rasa matsayin da garken ke ba shi, ya sami kayan kiɗan da shi ma ba shi da matsayi, suka dace.

A 1984 fari ya dawo, kuma ya zo da abokai. Farashin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta shiga tsimi. Najeriya ta rufe iyakokinta a wannan shekarar, hatsi ya daina shiga, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna 'Yar Buhari. Gwamnatin Kountché kuma tana kallon duk saurayi Ba'abzine da idon zargi tun daga 1980, lokacin da Gaddafi ya yi jawabi a Ubari yana kiran Abzinawa su zo Libiya. A 1984 ɗin ce Abdallah ya bar gida, ya bi hanyar da dubban tsararrakinsa suka bi: Aljeriya tukuna, sannan Libiya. Ana kiran waɗannan samari ishumar, marasa aikin yi. Leburanci suke yi a wurin gini, ko gadi, ko kiwon dabbobin wasu. Ba su da takardu, in 'yan sanda suka yi shara sai a loda su a mota a zubar a bakin iyaka, su huta su sake komawa. Da yawa suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi, wanda ya yi musu alkawarin taimaka wa ƙasarsu, ya kuma tura wasunsu yaƙin Lubnan da na Chadi, yaƙoƙin da babu ruwansu da su.

A cikin wannan rayuwa aka haifi kiɗan. Daga ɓangaren Mali, Ibrahim ag Alhabib da Inteyeden da abokansu sun haɗa ƙungiyar da duniya ta sani yanzu da sunan Tinariwen. Daga ɓangaren Nijar, muryar da ta fito fili ta Abdallah ce. A 1987 ya kafa Takrist n'Akal, wato gina ƙasa. Kada mai karatu ya kawo wa ransa ƙungiya mai manaja da mota da riguna iri ɗaya. Ɗaki ne, ko gindin dutse, da jita ɗaya ko biyu. Wanda yake wurin ya yi tafi, wani ya kifa jarka ya mai da ita ganga, sauran su yi amshi. A ajiye rediyo a tsakiya, a danna maɓallin ɗauka, shi ke nan an yi faifai. Wanda ya zo da kaset ɗinsa a kwafa masa, shi ma ya kwafa wa wani. Direbobi da 'yan sumoga da masu komawa ganin gida su ne 'yan kasuwar, kuma babu wanda ya biya Abdallah ko dala. Kowane kwafi yana ƙara dusashewa, har jitar ta koma kamar daga bayan iska take fitowa, amma kalmomin suna isa.

Kalmomin su ne abin da gwamnati ta ji tsoro. Yawancin mutanen ruga ba sa karanta Faransanci, kuma gidan rediyon ƙasa a hannun hukuma yake. Kaset ya zama musu jarida da wasiƙa. Abdallah yana waƙa kan kewar gida, kan iyaye mata da ƙanne da aka bari a tantuna babu mai ɗebo musu ruwa, kan abokin da ya tafi bai dawo ba. Yana kuma faɗa wa mutanensa maganar da ba ta da daɗin ji, cewa rarrabuwar dangi da dangi ta karya su, cewa jahilci ya bar su a baya, cewa barci ya isa. Tsohuwa a gindin duwatsun Abzin, wadda ba ta taɓa ganin Tamanrasat ta Aljeriya ba, ta wannan hanya take sanin abin da ke cikin zuciyar ɗanta.

Shi kiɗan kansa ba mai yawan ado ba ne. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri, tana ta gurnani a kan murya ɗaya, ba ta motsi, sauran yatsu kuma suna sama suna ta kewayawa cikin muryoyi biyar, su hau su sauko, su dawo inda suka tashi. Makaɗin yakan bugi tsirkiya sau ɗaya, sannan yatsun hannun da ke kan wuyan jitar su dinga taɓawa suna ɗagawa, sai sauti ya yi ta karkarwa irin ta goge. A nan za ka gane cewa hannun da ke kaɗa jitar ya girma ne yana jin imzad na uwaye. Tafin kuma na tende ne, mai rangaji, wanda ake yi wa raƙuma su yi takama a kewayen mata. Mai waƙa ya jefa baiti, jama'a su karɓa, wata ta rangaɗa guɗa. Abzinawa suna kiran wannan kiɗa assuf, kewa da kaɗaici. Turawa da suka ji shi daga baya sun ce ya yi kama da kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, kuma akwai kamar, amma Abdallah da tsararrakinsa daga tantunan iyayensu suka ɗauko shi, jitar ce kawai baƙuwa.

Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, Ali Saibou ya hau, ya sassauta, ya kira 'yan gudun hijira su dawo gida tare da alkawarin za a tsugunar da su. Dubbai suka dawo daga Libiya da Aljeriya a 1989 da 1990, aka ajiye su a sansanoni a arewacin Tawa. Agajin da aka yi alkawari bai iso yadda aka faɗa ba, masu ƙorafi kuma aka fara kama su. A watan Mayun 1990 wasu samari suka kai hari ofishin jandarmomi a Cintabaraden. Ramuwar da soja suka yi ta kan mai uwa da wabi ce, a garin da kuma rugagen da ke kewaye. Har yau ana jayayya kan adadin waɗanda aka kashe, hukuma ta faɗi kaɗan, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce ɗaruruwa ne, Abzinawa suka ce ya fi haka. Babban taron ƙasa na 1991 ya tattauna maganar, amma bai gamsar da waɗanda aka kashe wa 'yan uwa ba. Kafin shekarar ta ƙare, Rhissa ag Boula ya kafa ƙungiyar tawaye ta FLAA a duwatsun Abzin, Mano Dayak ya zama muryar tawayen a ƙasashen waje, yaƙi ya kankama.

Abdallah bai tsaya a waƙa ba, ya shiga tawayen da jikinsa, da jita da bindiga. Wannan shi ne hoton da 'yan jaridar Turai suka fi so daga baya, kuma sun ƙawata shi fiye da kima. Ni ba na ganin ado a ciki. Waƙoƙinsa sun sa samari sun bar iyayensu sun hau dutse, wasunsu ba su sauko ba. A kan hanyar Tawa zuwa Agadas an tare motoci, an kashe direbobi da fatake da ƙananan ma'aikata, da yawansu Hausawa da Zabarmawa talakawa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Soja kuma, a Agustan 1992, suka bi gida-gida a Agadas suna kama Abzinawa, har da manyan ma'aikatan gwamnati, laifinsu kawai asalinsu. Zaluncin da ya tayar da Abdallah gaskiya ne, jinin da aka zubar a hanyar amsa shi ma gaskiya ne, kuma wanda zai ba da tarihinsa da adalci sai ya ɗauki duka biyun.

A Najeriya, mutanen Mubi da Vimtim da ƙauyukan da ke kewaye ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wani ɓangare na wannan labari. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka shigo, an bar tukunya a kan murhu, an bi duwatsu da ƙafa, wasu Kamaru, wasu Yola. Yaƙin daban ne, dalilansa daban ne, kuma ba na haɗa masu wancan tawaye da waɗannan. Abin da ya haɗa su shi ne abin da ke biyo bayan gudu. Wanda ya dawo ya tarar da gida a ƙone ya san cewa ranar dawowa ba ita ce ƙarshen wahala ba, kuma ya san tambayar da ke hana dattawa barci, wato me za a ba yaran da suka girma suna jin harbi su riƙe a hannu. A kan wannan tambaya ce rabin rayuwar Abdallah na biyu ya tafi, kuma shi ne rabin da na fi girmamawa.

Bayan tattaunawa a Wagadugu a 1994, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a ranar 24 ga Afrilun 1995, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, ranar da Nijar ke hutu a kanta duk shekara. Abdallah ya dawo bayan shekara 11 a waje. Mutumin da ake ɗaure mutane saboda muryarsa ya hau dandali a Yamai, a fili, fitilu a kansa, jama'ar da suka san shi a kaset kawai suka ga fuskarsa. A shekarar ce kuma ya tafi Kwatano, ya shiga situdiyon Nel Oliver, fitaccen mawaƙin Benin, ya ɗauki faifan Anou Malane. Wanda ya saba da kaset-kaset ɗin ɗaki zai sha mamaki in ya ji shi. Akwai gangar inji, akwai molon lantarki mai maɓallai, sautin a wanke yake tas, kuma kiɗan na rawa ne. Wasu masu son tsohon salo ba su so haka ba. A kunnena kuwa faifan mutum ne da ya gaji da ɓuya, yana so a ji shi a gidan biki da tashar mota kamar kowane mawaƙi.

Zaman lafiyar bai zo a miƙe ba. A Disamban 1995 jirgin da ke ɗauke da Mano Dayak ya faɗi a Abzin, ya mutu, sunansa ne filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi yanzu. A Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki. Sai a Satumban 2000 aka tara makamai aka ƙona a Agadas a bikin da aka kira wutar zaman lafiya. An ɗauki wasu tsofaffin 'yan tawaye aikin soja da kwastan da gadin ƙasa, shugabanni suka sami kujeru, ƙananan mayaƙa da yawa suka koma zaman kashe wando.

Mawaƙin yaƙi yana cikin haɗari ranar da yaƙi ya ƙare. Ko dai ya ci gaba da hura wutar da ta ba shi suna, ko ya koma maroƙin sababbin masu mulki. Abdallah ya zaɓi wani aiki marar ƙyalli. A farkon shekarun 2000 ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit, sannan wata a Agadas, inda yara ke zuwa su taɓa jita, su koyi ɗaure tsirkiya da daidaita murya. Abin ba sauƙi ba ne a wurin da tsirkiya ɗaya sai an yi odarta daga nesa, lasifika kuma sai da batirin mota ko janareto. Ga kuma iyaye da malamai da ke ganin jita hanyar lalacewa ce, ga hukuma da ba ta manta abin da jitar ta yi jiya ba. Neman kuɗin riƙe makarantun yana cikin abin da ya kai shi ga haɗa gwiwa da mawaƙan Faransa a aikin da aka kira Desert Rebel, wanda faifansa ya fito a 2006. A ciki akwai Guizmo na ƙungiyar Tryo, da Daniel Jamet, tsohon makaɗin jitar Mano Negra, da Amazigh Kateb ɗan Aljeriya, da Imhotep na IAM. An tsara cewa wani kaso na cinikin zai koma wa makarantun, kuma François Bergeron ya yi fim a kan tafiyar. Ta wannan hanya Abdallah ya hau dandalin Turai, ya ga 'yan kallo da ba su jin ko kalma ɗaya ta Tamashek suna rawa da waƙoƙin da aka tsara a gudun hijira.

A gida kuwa jita ta sauka daga dutse ta shiga gari. Bikin aure a Agadas ya zama ba ya cika sai an kira 'yan jita, a shimfiɗa tabarmi a fili, a tada janareto, samari da 'yan mata su fito bibbiyu su taka. 'Yan siyasa ma suka gane amfaninta a lokacin kamfe. Ƙungiyoyi suka yawaita, kowace unguwa da nata, yaran suka ƙara sauri, suka ƙara ƙarfin lasifika, suka sa cikakkun ganguna irin na Turawa. Kiɗan da Abdallah ya yi a zaune, su a tsaye suke yin sa.

Sai Fabrairun 2007, aka kai hari barikin soja a Iferwan, ƙungiyar MNJ ta Aghaly Alambo ta fito, tawaye na biyu ya tashi. Shugaba Tandja Mamadou ya ƙi zama da su, ya sa jihar Agadas cikin dokar ta-ɓaci. Nan take jita ta koma abin zargi. An kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Adi Mohamed, makaɗin jitar Group Inerane, ya rasa ransa a rikicin. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kasuwar Agadas ta mutu. Da aka yi sulhu a 2009, Bombino ya dawo, ya yi wasa a Janairun 2010 a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas da izinin Sarkin Abzin. Daga nan tauraronsa ya hau, Dan Auerbach ya shirya masa faifan Nomad a Amurka a 2013, kuma faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy.

Labarin Mdou Moctar shi ya fi kusa da mu. Ya taso a arewacin jihar Tawa, a gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Shi da bakinsa yake faɗa cewa ganin Abdallah yana wasa ne ya sa masa son jita, ya je ya sami katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a situdiyo irin wanda ake yin waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya da 'yan Kannywood suka saba da ita. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ji su ya shiga neman mai su. Hanyar da kaset ɗin Abdallah ya bi ce, hannu zuwa hannu, ba kamfani, ba rediyo, sai dai na'urar ta canza. Yau Mdou yana tare da Matador, babban kamfanin rok na Amurka, yana waƙa kan yuraniyom da Faransa da halin da Afirka ke ciki. A Illighadad kuma, wani ƙauye a yankin Abalak, Fatou Seidi Ghali ta ɗauki jita ta haɗa ta da tende, kiɗan ya koma hannun matan da aka aro shi daga wurinsu.

Me ya sa duniya ta ɗauki magada ta bar wanda aka gada? Lokaci ne, a ganina. Shekarun da muryar Abdallah ta fi kaifi sun wuce ne a ɗakunan Tamanrasat da sansanonin Libiya, inda babu mai ɗauka sai rediyon hannu. Sa'ad da kamfanonin waje suka juyo ga kiɗan hamada, Tinariwen sun riga sun tsaya a matsayin dattawan fagen, har suka ci Grammy a 2012, abin da ake nema daga Nijar kuma matashi ne mai yatsun walƙiya. Abdallah bai zama ko ɗaya daga cikin biyun ba. Shi mai tsara waƙa ne, jitarsa tana bin magana, ba ta gasa da ita. Makaɗan Agadas dai sun san matsayinsa, kuma waƙoƙinsa suna cikin abin da yaro ke fara koya.

A 2019 Sahel Sounds suka sake fitar da Anou Malane, faifan Kwatano ya isa kunnen mutanen da ba a haife su ba lokacin da aka ɗauke shi. Bai daɗe yana ganin wannan ba. Abdallah ag Oumbadougou ya rasu ranar 4 ga Janairun 2020, bai kai shekara 60 ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Abin da ya rage a yi aikin hannu ne, kuma yana da gaggawa. Waƙoƙin da ya yi tsakanin 1984 da 1995, waɗanda suka sa aka haramta shi, yawancinsu a kaset-kaset ɗin gida suke, cikin akwatunan tsofaffin direbobi da tsofaffin mayaƙa a Agadas da Arlit da Cintabaraden da Tamanrasat. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset, masu su kuma suna tsufa, kuma su kaɗai suka san wace waƙa aka yi a ina, kan wa, bayan wane abu. Yamai tana da cibiyar kiɗa ta Elhadj Taya, tana da cibiyar binciken IRSH, Agadas tana da jami'a tun 2014, Sakkwato da Kano da Zariya suna da sassan nazarin harsuna da tarihi da suka daɗe suna tattara waƙoƙin baka. Ana bukatar mai jin Tamashek da Hausa, da na'urar juya kaset zuwa kwamfuta, da kuɗin mota zuwa Arlit.